Sayen Maganin Dabbobi ta Wayar Hannu

Kowace Alhamis masu kiwo daga Gagarawa Tasha, Gumel da Sule Tankarkar sukan yi sammako zuwa kasuwar Maigatari, inda masu tallar maganin dabbobi ke baje kwalabe bisa tabarma a tsakiyar rana. Yanzu kuma wani salo ya shigo: mutum ya ga hoton kwalba a WhatsApp, ya tura kuɗi, direban mota ya kawo masa. A ganina wannan ya fi tabarmar haɗari, domin mai tabarma ko ba komai ana iya riskarsa mako mai zuwa.

Allurar rigakafi irin wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke sarrafawa sai da sanyi take ajiyuwa; idan ta wuni a bayan mota cikin zafin bazara, ƙarfinta ya tafi, alhali kwalbar tana nan garau. Magani irin su oxytetracycline kuwa yakan yi kwanaki a cikin nono da nama bayan allura. Idan aka sayar da nonon kafin wa'adin ya cika, iyali ne ke shan ragowar, ƙwayoyin cuta kuma su saba da maganin.

Ba a hana ciniki ta waya ba. Amma likitan dabbobi ya fara duba akuyar ko dokin, ya rubuta sunan magani da adadinsa, sannan a saya a shagon da aka san mai shi, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Rubutun kwalbar da Ingilishi yake, wani lokaci da Faransanci saboda kusancin Nijar, kuma a ƙauye malamin makaranta ake kai wa ya karanta.