Wasa da Babur Ranar Kai Amarya

Duk wanda ya taɓa raka amarya daga Roni zuwa Kazaure ya san abin da muke nufi: samari bisa babura, wannan ya saki hannu, wancan ya miƙe tsaye, kawuna ba hula. Tun ranar 1 ga Janairu, 2009, hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa hular kwano. A Kano har wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a madadinta, jama'a na dariya. Mu kam ba mu ga abin dariya ba.

Tara ba ta tsorata yaron da ba aljihunsa za ta fito ba. A tsare babur ɗin, a kira ubansa gaban dagaci, ango ma ya zo ya faɗi wanda ya gayyato su.