Fiƙar da ta maƙale a ƙashi: Dalilin da ya sa ya kamata a duba bakin yaro tun yana shekara 10

A Bungudu, kamar a Tsafe da ƙauyukan da ke kewaye da Gusau, ba a zuwa wurin likitan haƙori sai ciwo ya hana barci. Wannan ɗabi'a ce ke ɓoye wata matsala da ba ta zuwa da zafi: fiƙar sama da ke maƙalewa cikin ƙashi ta ƙi fitowa.

Ba abu ne da ba a saba gani ba. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna tana samun mutum 1 zuwa 3 cikin 100, kuma in aka cire turamen ƙarshe da ke fitowa bayan balaga, babu haƙorin da ya kai ta maƙalewa. Mata sun ninka maza wajen kamuwa. A makarantar da ke da ɗalibai 500, ana maganar yara 5 zuwa 15 ke nan.

Fiƙar sama kan fito ne tsakanin shekara 11 da 12. Tun daga kusa da gefen hanci take gangarowa, tafiyar da ta fi ta kowane haƙori nisa, shi ya sa take saurin saɓa hanya, sau da yawa ta karkata wajen ganɗa. Iyaye sai su ga yarinya ta gama famfara amma ƙaramar fiƙar yarinta tana nan daram, su ce ai ƙarfin haƙori ne. Alhali a ɓoye wadda ta maƙale na iya cinye saiwar haƙoran gaba, sai sun fara girgiɗi a farga.

Abin takaicin shi ne gano ta da wuri ba ya buƙatar na'ura. Yaro ɗan shekara 10 zuwa 11, idan aka shafa dasashinsa na sama da yatsa mai tsabta, ya kamata a ji ɗan tudun fiƙar. In ba a ji ba, sai a tura shi hoton haƙori. A 1988 likitocin Suwidin biyu, Ericson da Kurol, sun nuna cewa cire fiƙar yarinta tsakanin shekara 10 da 13 ya sa kashi 78 cikin 100 na waɗanda suka karkata sun dawo hanya da kansu.

Wanda ya makara kuwa, sai tiyata da ɗaura waya na kusan shekara biyu ko fiye, da zirga-zirga wurin ƙwararru, wataƙila har Sakkwato ko Kano. Wane manomi ne zai iya wannan, ga tsadar mota, ga fargabar hanya?

Don haka Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara ba sai ta jira sabon gini ba. Ta koya wa ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi wannan dubawa ta minti ɗaya, a riƙa yin ta ga 'yan aji biyar da shida na firamare da Islamiyya, wanda aka yi shakka a kansa a ba shi takardar zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau.