Tambayar da ba a yi wa samari a asibiti

A shekarar 1689 wani likita a Ingila, Richard Morton, ya rubuta labarin matasa biyu da suka rame ƙwarai saboda sun daina cin abinci. Ɗayansu yaro ne ɗan shekara 16, ɗan wani mai wa'azi. Wato tun farkon rubuta wannan ciwo, wanda likitoci ke kira anoreksiya, akwai namiji a ciki, kuma ɗan gidan fasto. Amma har yau ana ɗaukarsa ciwon 'yan mata. Sai a 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka cire ɗaukewar jinin al'ada daga sharuɗɗan gane shi. Kun ga wanda aka daɗe ana sa rai da gani.

A nan gida, idan saurayi ya je asibitin unguwa a rame yana jiri, za a gwada tarin fuka, ƙanjamau, taifod da ciwon suga. Daidai ne. Amma in ba a ga komai ba, sau da yawa maganin ƙarin jini ake ba shi a sallame shi. Wa zai tambaye shi ko yana tsoron ƙiba, ko yana sa kansa amai bayan cin abinci? Tambayoyin ba sa cin ko sisi, kuma a ganina ya kamata a yi su. Ba kowa ne ma ke ramewa ba. Wani ɗaga ƙarfe ya zame masa dole, yana auna kowace loma. John Prescott, tsohon mataimakin firaministan Birtaniya, mutum ne mai jiki, amma a 2008 ya bayyana cewa ya yi shekaru yana cika ciki yana amayarwa a ɓoye.

Abin da ya fi damuna shi ne namu na ikkilisiya. Muna yabon azumi, ni ma ina yi. Sai dai yaron da ke gudun abinci ya sami mafaka a wurinmu: ya ce yana azumi, mu ce ya yi nisa a ruhaniya. Azumi yana da dalili, yana da ranar buɗewa. In lokacin buɗe baki ya zama abin fargaba, wani abu ne daban. A 1 Sarakuna 19, da Iliya ya gaji har yana roƙon mutuwa, abinci da ruwa mala'ika ya fara ba shi, har sau biyu.

Yawan amai yana rage sinadarin fotasiyam a jini, wannan kuma na iya tsayar da zuciya. Don haka in ka lura da ɗan'uwa a zumunta, ka yi masa addu'a, sannan ka raka shi asibiti. In kunya ta hana shi magana, ka nemi izininsa ka faɗa wa likita abin da ka gani.