Su Sun Zauna Bayan Shekara 482, Mu Sai Yaushe?

Ranar da muka ambaci Martin Luther a majalisarmu ta Maikujera, wani abokinmu ya taɓe baki ya ce, "Ina ruwan biri da gada?" Ruwa kuwa akwai shi, har iya wuya.

A 1517 wannan malamin coci na Wittenberg a Jamus ya fitar da batutuwa 95 yana sukar cinikin takardun gafara. Tushen koyarwarsa shi ne mutum yana samun karɓuwa wurin Allah ta alheri da bangaskiya kaɗai, ayyukan kirki kuwa 'ya'yan bangaskiyar ne. Fafaroma ya kore shi a 1521. Mabiyansa suka rubuta aƙidarsu a Augsburg a 1530, Katolika suka mayar da martani a taron Trent (1545 zuwa 1563), kowa ya la'anci koyarwar ɗan'uwansa. Daga 1618 zuwa 1648 aka yi shekara talatin ana yaƙi, ƙauyukan Jamus suka zama kufai. Duk ɗalibin tauhidi ya san irin wannan tambaya: mene ne matsayin aiki a cikin imani? Mu ma malamanmu na farko sun sha fama da ita.

A 1967 ɓangarorin biyu suka fara tattaunawa a hukumance. Sai da aka shafe shekara 32 kafin a sa hannu kan sanarwar haɗin gwiwa a Augsburg, ranar 31 ga Oktoba 1999. Ku dubi yadda suka tsara ta: a kan kowace mas'ala an fara rubuta abin da aka yarda da shi tare, sannan kowane ɓangare ya bayyana inda ya fi ba ƙarfi da bakinsa, sannan aka ce tsofaffin la'anoni ba su hau kan koyarwar da aka bayyana a takardar ba. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan: tsari biyu ba sa magana da juna sai an fara daidaita ma'anar kowace kalma.

Kada a ce labarin Turawa ne. Mishan 'yan Denmak suka kafa cocin Lutheran a Numan a 1913, kuma ɗan wannan coci, Akbishop Musa Panti Filibus, aka zaɓa shugaban ƙungiyar Lutheran ta duniya a 2017.

To mu fa? Abin da muke kira muƙabala dambe ne da rawani. A kafa kyamara, a tara magoya baya, a yanko minti biyu a watsa a Facebook da TikTok da taken "an ƙure shi". Ba a rubuta abin da aka amince da shi, domin ba shi aka zo nema ba. Kablu da sadalu sun raba masallatai, Izala da ɗariƙa sun raba zumunci, alhali waɗanda suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 ba su tambayi kowa yadda yake riƙe hannu a salla ba.

Za a ce mana sulhu sayar da gaskiya ne. Har yau Katolika da Lutheran ba su haɗu a kan matsayin Fafaroma ba, ba sa cin jibin Ubangiji tare a hukumance, wasu Lutheran ma sun ƙi sanarwar. Babu wanda ya bar cocinsa. La'anar kawai aka ajiye.

Kuma ba sai mun je Jamus aron wannan ɗabi'a ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke nan Wurno, ya yi zazzafar jayayya da Shehu al-Kanemi na Borno a kan kafirta Musulmi. Da ya zo rubuta Infaƙul Maisuri, sai ya kawo wasiƙar abokin jayayyarsa a ciki kafin ya amsa. Wane malamin soshiyal midiya ne yau zai karanta wa ɗalibansa hujjar abokin hamayyarsa ba tare da ya yanke ta ba?

Buƙatarmu ƙarama ce. Malaman Wurno, Rabah da Goronyo su zauna ba kyamara, su rubuta shafi ɗaya na abin da suka haɗu a kai, su sa hannu, a karanta a masallatan Juma'a. Sauran saɓanin, kowa ya riƙe nasa da ladabi.