Sababbin Ɗaliban Kwamfuta: Wa Zai Riƙe Musu Hannu?

Yau na ɗan jingine maganar littattafai, domin akwai wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk shekara yaranmu na Gyadi-Gyadi da Tarauni suna samun gurbin karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero, a yi ta Allah sanya alheri. To amma da yawansu iyakar saninsu da kwamfuta shi ne abin da suka gani a shagunan buga takardu, ko wurin masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre, sai kuma ranar jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kan kwamfuta ake rubuta ta. Yaro zai tafi da tunanin za a koya masa sarrafa na'ura, sai ya tarar lissafi da fiziks ne ke jiransa a ajin farko. Ga aji cike maƙil, ga kuɗin Adaidaita Sahu kullum zuwa sabuwar jami'a a titin Gwarzo, ga shi babu mai tambayarsa ko ya yi bita. Kafin ya farga ya kwashi kariyoba, kuma makin shekarar farko yana bin ɗalibi har ranar da zai gama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A nawa ganin maganin yana cikin unguwa. Muna da 'yan aji uku da aji huɗu, muna da waɗanda suka gama suna jiran bautar ƙasa. Me zai hana ƙungiyoyin matasanmu su ari aji ɗaya a firamare duk ranar Asabar, yayye su zauna da ƙannensu? A yi musu bitar lissafi, a nuna musu yadda ake lissafa maki, sannan a koya musu rubuta ƙaramin shiri da Python, wanda ko a wayar hannu ana iya gwadawa. 'Yan mata kuma a samo musu yayyensu mata, domin kunya kan hana su tambaya a aji.

Iyaye, sayen laftof kaɗai ba ya isa. Ku nema wa yaronku yayan da zai riƙa duba shi.

Allah Ya sa mu dace, amin.