Kwaɗo a Ƙofar Baƙo

Duk mai mota a Accra ya san Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota da ke kusa da Kaneshie da Sabon Zango. A 2019 da 2020 an bi shagunan baƙi a Accra da Kumasi, yawancinsu 'yan Nijeriya, ana sa musu kwaɗo. Wannan kasuwa ma ba ta tsira ba. Hujjar ita ce dokar zuba jari ta 2013, wadda ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙaramin ciniki a kasuwa, ta ce baƙo sai ya zo da jarin dala miliyan ɗaya.

Ba da doka nake faɗa ba, wannan aikin hukuma ne. Da wani dattijon ikilisiyarmu nake. Ya miƙe a taron addu'a ya ba da shaida, wai Ubangiji ya ji kukansa, an rufe shagon maƙwabcinsa, ciniki ya dawo masa. Jama'a suka ce amin. Ni kuwa na sunkuyar da kai na yi shiru, shirun nan har yau yana ci mini rai.

Ya ɗan'uwa mai bi, mu 'yan Zango ne za mu yi wa kwaɗo amin? Ka tambayi tsofaffin Nima da Maamobi abin da ya faru a Nuwamba 1969, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Hausawa da Yarabawa da Zabarmawa suka sayar da kayansu a wulaƙance, har waɗanda aka haifa a nan aka loda a mota. A 1983 reshe ya juye da mujiya: gwamnatin Shagari ta kori 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya daga Nijeriya. Jakar da suka zuba kayansu a ciki, har yau da sunan korarsu ake kiranta.

Za a ce da ni, "Malam, ba ka san zafin kasuwa ba. Haya ta yi tsada, baƙi suna karya farashi." Na sani, ba kuma ƙarya ba ne. Mai ƙara ya kai ƙararsa gaban hukuma. Amma ya ɗauko yunwar gidan wani ya kawo ta majami'a a matsayin baiko na godiya? Gaban wa? Gaban Almasihu, wanda aka goya shi aka gudu da shi Masar, ya yi zaman baƙunci yana jinjiri? Littafin Firistoci sura 19 ma ya riga ya yanke mana shari'ar baƙo, ba ta kuwa goyi bayan dattijon nan ba.

Maƙwabcin nasa mai bi ne, a wata majami'a yake sujada. Daga baya na ji cewa watannin da shagon ya yi a rufe, wani Alhaji na Sabon Zango ne ya riƙa aika wa iyalinsa shinkafa. Daga cikinmu babu wanda ya leƙa gidan.