Motar Safa Mai Lantarki da Daren Silima

Kogin Kaduna ya raba birnin Kaduna gida biyu. A arewa akwai babbar kasuwa da yawancin ofisoshin gwamnati. A kudu kuwa akwai Kakuri da Makera da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha. Ma'aikata ne suka raya wannan ɓangare na kudu. A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar farko a Kakuri, wasu suka biyo baya, a 1975 kuma aka fara harhaɗa motocin Peugeot a can. Sai mutane suka yi ta tahowa daga ko'ina don neman abinci.

A wancan zamani, ranar da aka biya albashi, ma'aikacin masaƙa yakan yi wanka, ya sa fararen kayansa, ya nufi gidan silima. Yawancin gidajen siliman Arewa na da ba su da rufi, don haka ba a fara wasa sai duhu ya yi. A kan benci ɗaya za a ga Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe suna kallon fim ɗin Indiya. Da ƙyar a sami mai jin yaren a cikinsu, amma tare suke dariya, tare suke tsinar mugu.

Wannan zama ya yi rauni. Rikicin 2000 da na 2002 sun sa mutane da yawa sun yi ƙaura, Musulmi suka fi taruwa a arewacin kogi, Kirista a kudu. Yawancin masaƙun ma sun rufe. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Magidancin da ke Sabon Tasha, in ya lissafa kuɗin zuwa da na dawowa, nasa da na iyalinsa, sai ya ga ya fi masa sauƙi kowa ya kalli fim a waya. Ta haka yaro zai girma bai taɓa zama kusa da yaron tsallaken kogi ba.

To, a nan ne motar safa mai lantarki take da amfani. Ba ta shan fetur ko man dizal. Manyan batura gare ta, waɗanda ake cika su da wuta a tasha, su kuma su juya ƙafafun. Ba ta hayaƙi, ba ta ruri, ba a yi mata juyen baƙin mai. Birnin Shenzhen na ƙasar Sin ya mayar da motocin safansa duka, fiye da 16,000, masu lantarki tun 2017. A Legas ma an fara gwada irinsu a 2023. Abin sha'awa kuma, wannan kogi da ya raba Kaduna shi ne yake juya injunan madatsar Shiroro a Jihar Neja, wadda take ba da wuta tun 1990. Ashe ruwan da ya wuce ƙarƙashin gada yana iya dawowa ta waya ya tura mota a bisa gadar.

Masu suka suna cewa wutar da ba ta isa gidaje ba, ina za ta isa motoci? Suna kuma cewa motar lantarki ta fi ta dizal tsada wajen saye. Duk gaskiya ne, ba a kuwa raina maganarsu. Amma tsadar ta rana ɗaya ce, shan mai kuwa na kullum ne. Tashar motoci kuma wuri ɗaya ce, ana iya ja mata layin wuta nata, a ƙara mata da faifan hasken rana. Gwamnatin Jihar Kaduna ta riga ta sa ƙafa a hanya, domin a 2025 ta fito da motocin safa 100 masu aiki da iskar gas. Gas ya fi dizal tsabta, sai dai har yanzu ƙona shi ake yi.

Abin da ya kamata hukuma ta lura da shi shi ne lokaci. Motar da ta kai mutum aiki da safe, ta komo da shi da la'asar, sa'an nan ta kwanta, ta yi wa ofis hidima ne kawai. Jama'a suna ziyara da dare, suna dubiya a asibiti, suna zuwa kallo. Uwa ba za ta bar ɗanta ya tafi silima ba sai ta san motar da za ta komo da shi. Motar lantarki kuwa ta dace da dare, don takan ratsa unguwa ba ta ta da mai barci ba.

Saboda haka, in an kawo irin waɗannan motoci, a fara ɗora su a kan hanyar da ta taso daga Sabon Tasha, ta ƙetare gada, ta kai babbar kasuwa. A rubuta lokutansu a allo a kowace tasha. Ta ƙarshe ta tashi ƙarfe goma sha ɗaya na dare, bayan an tashi daga kallo. Daga sha biyu zuwa asuba, sa'ad da kantuna suke rufe, sai a jona su a wuta.